Tiya Biyu na Dilo daga Karofane

Tun da na dawo daga Adar ban huta da tambaya ba. A wurin aiki, a ƙofar masallaci, har a wurin wanzami, sai a ce, "Malam Sule, yaya ƙasar Faransa? Me ka sawo?" Na ba da labarin har ya fara dawo mini da ƙari. Shekaranjiya wani ya tare ni yana yi mini murna wai na sayo raƙumi. Ban sayi raƙumi ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da ya faru yadda ya faru, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Aikina karanta labarai ne a gidan da ake tura magana ta waya zuwa akwatunan da ke rataye a zaurukan birnin Kano. Kullum cikin auna kalma nake, har na yarda a raina cewa babu kalmar Hausa da za ta ba ni kunya. Mahaifiyata kuwa, Iya, Ba'adara ce, 'yar Karofane. Tana da kamar shekara goma iyayenta suka zo da ita Kano a wata shekarar yunwa, ba ta sake komawa ba. Tun daminar da ta wuce abinci ya fita ranta. Loma biyu take yi ta ture kwano, har ta fara ramewa. Da na sami hutun wata guda bayan kaka, na ce mata zan je in ga ƙasarta. Ta ce, "To, ka sawo mini dilo. Shi kaɗai nake so."

Na ce, "To, Iya."

Ban taɓa jin kalmar ba. Da muka shiga ɗaki matata Binta ta ce, "Mene ne dilo?"

Na ce, "Wani abu ne na mutanen can."

Ta ce, "Ba ka sani ba ke nan. Koma ka tambaye ta mana."

Na ce, "Na sani." Ban koma ba. A raina na yanke cewa ko turare ne ko wani irin dutsen ado, na ware masa kuɗi masu kauri.

Daga Kano zuwa Katsina mota muka shiga, babbar mota mai ɗaukar gyaɗa, mu a bisa buhuna. Daga Katsina zuwa Jibiya wata motar, wadda sau uku muka sauka muka tura ta. A iyakar ƙasar Ingilishi da ta Faransa kuwa akwai wata rumfa da masu duba kaya ke zama, waɗanda can ake kira duwan. Babbansu ya dubi takalmina na kanti, ya dubi alƙalamin da ke aljihuna, sai ya miƙe ya ce, "Sannu da zuwa, Mushe."

Na waiwaya ko akwai wani a bayana. Babu. Na ce masa da ladabi, "Malam, da raina kake gani na."

Ya ce, "Na gani, Mushe. Zamna."

Wani Bagobiri mai goro da muka taho tare ya yi dariya har ya riƙe ciki. Shi ya gaya mini cewa kalmar Faransanci ce, haka suke kiran malamin makaranta da duk wanda ya yi boko, girmamawa ce. A Kano da wani ya kira ni da sunan dabbar da ta mutu ba yanka, da sai mun je gaban alƙali. A can kuwa kwana ashirin da ɗoriya ina amsawa, har in aka ce "Malam" ba na waiwayawa da wuri.

Abin da duwan suka fi bincika zane ne. Yaƙin Turawa bai daɗe da ƙarewa ba, tufa ta yi wuya a ƙasarsu ƙwarai. Suka ƙirga rigunana biyu da rawuna biyu, suka tabbata na sawa ne, suka buga wa takardata hatimi.

Na kwana biyu a Maraɗi kafin in sami motar Madawa. A Madawa na sauka a gidan wani mai masauki, Malam Nomau, wanda Bagobirin nan ya haɗa ni da shi. Ya ba ni zaure mai tsabta da sabuwar tabarma. Abinci kuwa fura ce, wadda suke kira hura, da safe da rana da la'asar, nono ya fi gero yawa. Tuwo sai da magariba. Da na ce na ƙoshi a kwano na uku, Malam Nomau ya dube ni da tausayi ya ce, "Ashe ba ka da lahiya."

Ranar kasuwa na fita da wuri. Bana Allah ya ba su damina, kasuwa ta cika maƙil: gero tsibi-tsibi, albasa kamar ba za ta ƙare ba, kilishi, da tabarmin kaba masu launi waɗanda ban ga irinsu a Kano ba. Na tsaya wajen wata mata mai tabarmi na ɗaga ɗaya na ce, "Nawa?"

Ba ta amsa ba. Ta ce, "Ina kwana? Ina gajiya? Ina mutanen gida? Ina baƙunta?" Sai da muka gama wannan duka, sa'an nan ta ce, "Dala shidda."

A Kano dala sule biyu ce. Na buga lissafi, na ga tana neman sule goma sha biyu a kan tabarma guda. Na ajiye na ce, "Baiwar Allah, tabarmar na tambaya, ba gonar kabar ba. Dala ɗaya."

Ta tafa hannu ta kira maƙwabciyarta. "Zali, taho ki ji! Wanga Bakano dala guda yat taya!" Matan layin duka suka taso suna kallona kamar wanda ya zo da wasa. Malam Nomau ne ya iso ya raba mu. Ashe dalarsu daban ce: kuɗinsu tamma ne, tamma biyar ita ce dala, kuma ba ta kai ko rabin tamu ba. Matar ba ta tsawwala ba ko kaɗan, ni ne na zage ta. Na ba ta haƙuri, muka sake ciniki daga gaisuwa, na saya a dala biyar. Ta ce ɗayar ta bar mini ce don in sayi hankali.

Daga nan na nufi masu turare da duwatsun ado. Na gaishe da wani dattijo yadda na koya, sa'an nan na rage murya na ce, "Kana da dilo? Mai kyau nake so, kuɗi ba matsala."

Ya dubi rigata tun daga wuya har ƙasa, ya ce, "Allah shi kiyashe mu," ya juya ya ci gaba da jera kwalabensa. Na biyu dariya ya yi. Na uku ya ce in gwada kasuwar Buza. Na fahimci dai abin ba a samunsa da sauƙi, na ƙara tabbata mai tsada ne.

Mota ba ta zuwa Buza sai ta kumandan, Baturen mulkin can, saboda haka Malam Nomau ya samo mini mai jakai, Arzika, mutum mai kamar shekara hamsin, siriri, bakinsa ba ya rabuwa da taba da zolaya. Na tambaye shi ko ya san inda ake sayar da dilo. Ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Mu tahi dai, Mushe. Kasuwa ba ta ƙarewa."

Kwana biyu muka yi a hanya. Ƙasar duk dutse ce, baƙaƙe da jajaye, kuma kafin mu kai rabi ƙasan takalmina na dama ya rabu da samansa. Arzika ya ɗaure mini shi da igiyar kaba, ya ce yanzu na fara kama da mutum. A wani ƙauye muka sauka gidan ƙanwarsa, ita ma ta tare mu da hura.

A kasuwar Buza na canza dabara. Na ce tun da masu turare ba su da shi, bari in gwada masu kayan miya. Na sami wata mata mai daddawa da kuka, kakkaura, mai murya. Muka gaisa sosai. Na ce, "Ko kina da dilo?"

Ta ajiye ludayin da ke hannunta. "Mi kac ce?"

"Dilo."

Ta miƙe tsaye. "Ka ga yunwa ga huskata? Dubi kasuwag ga! Dubi hatsi! Kai da rigarka mai aiki ka taso tun daga Ingilishi ka zo ka yi muna baƙin baki cikin shekarar ƙoshi? Jama'a, ku zo ku ji mai kiran dilo!"

Mutane suka taru. Wani ya ce in tofar da yawu, na tofar. Arzika yana jingine da jakinsa yana dariya har hawaye. Da ya ga abin zai yi nisa sai ya shiga tsakani, ya ce baƙo ne, tsohuwarsa ce ta aiko shi. Nan take matar ta sauko. Ta ce, "To, shi ba ya da baki ya ce hakanan?" Ta danƙa mini daddawa guda biyu kyauta.

Da muka fita bayan gari na ce, "Arzika, mene ne dilo?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Kwana huɗu ina jiran wagga tambaya. Kai kullum ina aka saidawa kaka cewa, ba ka taɓa cewa mine ne ba." Ya ja ni zuwa wani ɗan kurmi mai kauraren ganye, irin wanda muke ɗaure jakai a jikinsa tun daga Madawa. "Wanga shi ne anza. Da bazara shina 'ya'ya. In hatsi ya ƙare, mata su tsinko, su ɓare, su shanya ƙwayar, su jiƙa ta kwana da kwanaki ana sake ruwa har ɗacin shi hita, kana a dahwa. Shi ne dilo. Abincin shekarar da babu."

Ya tono wata busasshiyar ƙwaya a gindin kurmin ya miƙa mini. Na ciza. Ban taɓa sa abu mai ɗaci haka a bakina ba, har da la'asar ina jinsa a maƙogwaro. Na zauna a kan dutse. Shekara arba'in ina tare da Iya, ban taɓa tambayarta abin da suka ci a hanyar zuwa Kano ba.

Sanin abin bai kawo shi ba. Lokacin 'ya'yan anza ya wuce, kuma a shekarar da rumbuna suka cika babu mai kai shi kasuwa. Aka ce mu gwada Keita, wataƙila matan Buzaye sun ajiye.

Kasuwar Keita daban take. Rabinta raƙuma ne da shanu da jakai, Fulani da Buzaye suna juya harshe biyu uku a ciniki guda. Na tsaya wajen wani Buzu mai sayar da cuku da jakunkunan fata. Shi ba ya cewa albarka. In tayinka bai yi masa ba, sai ya zuba maka shayi. Na sha kofi uku kafin in gane ba kuɗina yake so ba, idonsa na kan rawanin da ke leƙowa daga jakata, baƙi na rinin Kano. Na fito da shi. Ya shafa, ya duba yatsunsa ya ga shuni ya kama, ya lumshe ido. Ya tura mini jakar fata guda da cuku goma. Na tuna darasinsa, na ɗauki butar shayinsa na zuba masa. Arzika ya buga cinya. Buzun ya yi dariya a bayan amawalinsa, ya ƙara cuku goma da wuƙa mai kube. Wannan ne ciniki na farko da na ci a ƙasar.

Dilo dai babu. Amma wata tsohuwa mai sayar da igiya ta ce, "In akwai shi ga duniya bana, shina wurin Kulu ta Karofane. Ita ba ta yarda da damina ba."

Na yi niyyar Karofane ta zama zangona na ƙarshe don in gai da dangi, ashe can abin yake. Hutuna saura kwana goma sha ɗaya. Muka juyo ta Buza, muka isa Karofane ana gobe kasuwa. Dangi ban samu ba. Mai gari ya tara dattawa, aka yi ta juya sunan kakana, a ƙarshe aka nuna mini wata gonar wake aka ce nan unguwarsu take a da.

Inna Kulu kuwa kowa ya san ta. Gajeriya ce, ta tsufa ƙwarai, daga gidajen da har yanzu suke riƙe da al'adun kakanni. Mun same ta tana sussuka. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni tun daga farko, har da shekarar da Iya ta bar garin. Ta saurara ba ta katse ni ba. Ta shiga ɗaki ta buɗe wata tukunya da aka liƙe bakinta da laka, ta nuna mini. Cike take da ƙwaya busasshiya.

Ta ce, "Kowace bazara nika tsinkowa. Na bizne ɗiya biyu shekarar da uwarka tat tahi. Tun sa'an nan tukunyag ga ba ta zama wofi."

Na sa hannu a aljihu. Ta ce, "A'a, ɗana. Nan gida ne. Gobe kasuwa."

Washegari da hantsi na same ta a gefen masu hatsi, zaune a kan buzu, ƙwarya a gabanta an rufe da faifai. Labari ya riga ya zaga, mutane sun kewaye ta. Na durƙusa. Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba.

"Ina kwana, baƙo? Daga ina?"

"Daga Kano, Inna."

"Mi kaka so?"

"Dilo, tiya biyu." Tiya ita ce mudunsu.

"Taya."

"Dala biyu."

"Albarka."

"Dala biyar."

"Albarka."

Na hau goma, na hau ashirin. A ashirin wani mahauci ya ce, "Kulu, sallama mashi, wanga kuɗɗin tunkiya ne!" Ta ce, "Kai, Illa, wa yas sa ka? Koma ga ƙudanka." Aka fashe da dariya. Ni kuwa na ga ba wasa take yi ba. In ta ƙi, ba ni da kwanakin neman wata Kulu.

Na ce, "Inna, to ki ba ni don Allah, saboda tsohuwata."

Ta ce, "Ni ba ni ba mutum dilo kyauta. Kamar na yi mashi fatan shekarar yunwa ne. Kuɗɗi kuwa, shekarar can na ga mai kuɗɗi cikin jaka yana tsinkar anza kusa gare ni. Mi zan yi da takarda?"

Arzika ya sunkuyo ya raɗa mini, "Mushe, dubi inda taz zamna."

Na duba. Gero a damanta, gero a hagunta. Na ce, "Inna, tiya da tiya. Ki ba ni dilo, in ba ki gero."

Idonta ya yi haske. Ta gyara zama. "Yanzu kaz zo kasuwa. Tiya guda, gero biyat."

"Haba Inna! Abin da ke fitowa da kansa a kan dutse? Ɗaya da rabi."

"Da kansa shika hitowa, da kansa shika tsinkuwa? Ka ga bayana? Huɗu."

"Na ciji ɗaya a Buza, har yau bakina bai dawo ba. Biyu."

"Wawa ne ka cizon ɗanye. Huɗu."

Na miƙe na kakkaɓe riga kamar zan tafi. Na yi taku uku. Ba ta kira ni ba. Na yi na huɗu.

"Kai, ɗan Kano! Ukku. Don uwarka 'yar garin ga ce."

Na dawo na ce, "Na saya."

Ta ce, "Na sallama."

Wata mata ta rangaɗa guɗa. Arzika ya auno gero tiya shida a wurin maƙwabcinta, Inna Kulu ta sa aka sake aunawa a gabanta, sa'an nan ta auna mini nawa da hannunta, ta share bakin tiya da yatsa. Na tambaye ta kwana nawa za a jiƙa. Ta ce, "Ita ta sani."

Ta Bangi muka fito. A nan na rabu da Arzika, na bar masa wuƙar Buzun, ya ce zai riƙa ba da labarina har ya mutu. A iyaka wani ɗan duwan ya kwance ƙullin, ya ɗebo ƙwayar ya duba, ya kira abokinsa. Suka dube ni da tausayi. Ya ce, "Mushe, ashe abin ya kai haka a Ingilishi?" Bai karɓi ko tamma ba, har ya ƙara mini da dunƙulen hura guzuri.

Na iso gida ana gobe zan koma aiki. Na baje tsaraba a tsakar gida, tabarma da cuku da jakar fata da daddawar Buza. Iya ba ta dube su ba. Na miƙa mata ƙullin. Ta kwance, ta zuba hannu a ciki, ta daɗe tana juya ƙwayar a tafinta. Sa'an nan ta ce wa Binta ta kawo mata babbar ƙwarya da ruwa.

Kwana shida tana jiƙo. Ba ta yarda kowa ya taɓa ba, ita ke sake ruwan safe da yamma, ita da ba ta iya tashi sai an kama ta. Rana ta bakwai ta dafa, ta sa gishiri da ɗan man shanu. Na dawo daga aiki da azahar na same ta a bakin ƙofar ɗakinta da kwano a cinya. Ta ba ni, na ɗanɗana. Kamar wake ne da bai ji wuta ba, da ɗan sauran ɗaci can ƙasa. Binta ta ɗanɗana ta ce tana azumin nafila.

Iya kuwa tana ci tana ba mu labarin yayarta da suke hawan dutse tare, da waƙar da suke yi wa tsuntsaye, abubuwan da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta cinye, ta suɗe kwano, ta ce a ɗora mata tuwo da daddare. Sa'an nan ta juyo gare ni.

"Nawa ka saya?"

Na ba ta labarin cinikin duka, har da takuna huɗu. Na ce, "Gero uku a kan ɗaya, Iya. Daga biyar na sauko da ita."

Ta gyaɗa kai. "Ba laifi. Gyara fa?"

Na ce, "Ban tambaya ba."

Ta ce, "Sule! Ka sayi tiya biyu a kasuwar garinmu, ka taso ba ka ce a yi maka gyara ba?" Ta miƙa wa Binta kwanon. "Ƙaro mini. Duk karatun nan nasa."